Kafin Ka Taɓa Katakon Jirgin Nan

Zuwa ga ɗana Salisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya. Allah Ya tsare ka a mota, Ya tsare ka a jirgin sama, Ya kuma tsare ka a bakin ruwan nan da ni ban taɓa gani ba sai a hoto. Zan ba mahaifiyarka ita ta sa maka a jaka, ƙarƙashin ƙullin yaji, kuma ba za ta gaya maka ba sai motar Yamai ta kusa tashi. Ka karanta ta a hanya. Rubutuna ka san shi, na makarantar yaƙi da jahilci ne, in ka ga harafi ya karkace sai ka daidaita shi da kanka.

Ba labarin gida zan ba ka ba, da safen nan ka baro shi. Abin da ya zaunar da ni shi ne, akwai wata ɗabi'a da ni na sa maka a hannu, ina so in cire ta kafin ka taɓa katakon da mutane za su hau su shiga teku. Da baki na kasa. Sau uku ina kiran ka bayan shago, in na buɗe baki sai in ji ina tambayar ka inda ka ajiye zarto. Zan zo kanta, amma ka bar ni in bi ta hanyar da ƙafata za ta iya.

Tun ranar da takardun nan suka zo daga Faransa, na ƙungiyar da ta ɗauke ka aikin gyaran tsohon jirgin ruwa, hankalina bai sake zama wuri ɗaya ba. Ka tuna yadda na tsare ka gindin dogon yaron ƙofar shago, kana karantawa da Faransanci kana juya mini da Hausa, har aikin ranar ya kwana? Shekara arba'in ina saran itace a Tasawa, ban taɓa zaton ana haɗa katako da katako har ya zama gida mai hawa ba, ya ɗauki kayan da manyan motoci da yawa ba za su kwashe ba, ya ratsa teku babu inji babu isansi, wato fetur, sai iska da manyan zannuwan da aka shimfiɗa mata a kan turaku uku. Ka ce an sassaƙa shi tun kafin Bature ya taka ƙasarmu. Wato lokacin da kakan kakana yake kora jakuna zuwa Katsina, wannan abin yana can yana yawo a kan ruwa da mutane a cikinsa.

Na riƙe abin da ka karanta mini fiye da yadda kake zato. Da ƙuruciyarsa kayan daraja yake ɗauka, ya yi wata da watanni ba a ga ƙasa ba, ya dawo da gyaɗa da fatu da manja daga bakin tekun ƙasashenmu. Mutanen cikinsa an raba su gida biyu, waɗannan su yi awa huɗu suna aiki, a kaɗa ƙararrawa, waɗancan su karɓe su. Abincinsu busasshen burodi ne mai tauri, wanda sai an buga shi a katako ƙwari sun zube kafin a kai baki, da nama mai gishiri, ruwan sha kuma da awo. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maganar duwatsu. Ka ce in an sauke kaya babu wasu na ɗauka, sai a loda masa duwatsu da yashi a ciki, don jirgin da ba shi da nauyi a gindi iska kayar da shi take yi. Kwana biyu ina juya wannan a raina. Mu nan amalanke in ba kaya ita ce ta huta.

Da ya manyanta sai aka shiga sayar da shi hannu zuwa hannu. Aka daina ba shi kayan daraja, ya koma dakon gishiri da gawayin ƙasa da dutsen gini. Daga baya aka sare masa turaku, aka ɗaure shi a bakin gari ya zama rumbun ajiya. Da ka zo wurin nan ka ga na yi shiru, ka ɗauka barci nake ji. Ba barci ba ne, tausayinsa ne ya kama ni, ni ma a da ƙofofin manyan gidaje nake yi, yanzu kujerun zaman tsakar gida aka fi kawo mini. Ga shi kuma za ku tashe shi, ya koma teku da ɗalibai a cikinsa, 'ya'yan mutane.

Ina da tambayoyi, kuma ina son amsarsu, kada ka ce tsoho ya cika son ji. Ka ce ana dafa katako da tururi har ya yi laushi a lanƙwasa shi. Awa nawa yake yi, kuma wane itace ne yake yarda da haka? Kiryarmu za ta yarda, ko karyewa za ta yi? Tsutsar tekun nan da ke huda jirgi, wadda saboda ita ake lulluɓe gindinsa da jan ƙarfe, da gara take kama ko da tsutsar gyaɗa? Da gaske ne ruwan gishiri ba ya ruɓar da katako kamar ruwan sama? In haka ne, me ya hana mu jiƙa azara da ruwan kanwa mu gani? Sannan ka tambayi wani malami a can yadda mutum yake fuskantar alƙibla a kan abin da ke juyawa. In ka samu dama ka shinshina katakon ka gaya mini ƙanshinsa, hoto ba ya kawo wannan.

To bari in fara da ƙananan kurakuraina.

Ina sabon buɗe shago, kafin a haife ka, aka ba ni aikin ƙofofi da tagogi na wata lakwal, makarantar boko, a karkarar Mayahi. Shi ne babban aikina na farko, kaina ya yi girma. Busasshen katako ya ƙare a kasuwa, sai ɗanye da aka kawo daga kudu, in ka sa farce har ruwa yake fitarwa. Na san ɗanye ne. Na ce a raina ai rana za ta busar da shi a jikin bango. Na yi aikin cikin kwana tara, ya yi kyau, mushen lakwal ɗin, wato malaminta, har ya yanka mini zabo. Bazara na zuwa ƙofofin suka murɗe, wata ta ƙi rufuwa, wata ta ƙi buɗuwa, yara suka koma shiga aji ta taga. Shekara biyu in na hango mushen nan a tasha sai in sunkuya ina gyara takalmi. Ka karanta mini cewa masu sassaƙa jirgi sukan ajiye itace shekaru yana shan iska kafin su sa masa gizago. Ka koyi wannan jira a wurinsu. Kana da saurin hannu, na gode wa Allah, amma itace ba ya sanin kana sauri. In sun ce a bar katako ya kwana, ka bar shi ya kwana, ko da kana ganin kai za ka iya gamawa kafin la'asar.

Na biyu raini ne. Na ji abin da samarin unguwa suke ce maka, wai duk karatun da ka yi a makarantar sana'a ta Maraɗi, gyaran tsohon kwalekwale za ka tafi. Na ga ka yi dariya, amma na ga abin ya taɓa ka. Ni ma na taɓa raina gyara. Wata tsohuwa ta zo mini da akwatin katako na marigayin mijinta, gindinsa ya cinye, ta ce in taimaka. Ko sauke shi daga kanta ban yi ba, na ce, "Iya, wannan ai sai murhu. Ki bari in yi miki sabo." Ta dube ni, ta juya, ta kai wa wani kafinta a bayan kasuwa. Bayan kwana uku na bi ta wurinsa na ga akwatin a wargaje a ƙasa, na tsaya kamar mai gaisuwa. Salisu, babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa. An yanka bakin kowane katako haƙora-haƙora, wannan ya shiga cikin wancan ya riƙe, sannan aka soka 'yan turakun itace. Ban taɓa ganin irin haɗin ba, wanda ya yi shi kuma ya daɗe a ƙasa. Girman kai ya hana ni durƙusawa in duba da kyau, har yau ban iya shi ba. Da ka ce mini jirginku ma da turakun itace aka haɗa yawancinsa, sai akwatin nan ya faɗo mini. Duk katakon da za ka cire a jirgin nan, wani ne ya sa shi, kuma ya san dalili. Kafin ka ɓalle shi ka durƙusa ka duba yadda ya zauna, ka zana a takarda, ka tambayi tsofaffin wurin. In ba ka gane Faransancinsu ba ka ce su maimaita, kada ka gyaɗa kai don kunya.

Yanzu ga wadda ta sa na ɗauki biro.

A cikin duk abin da ka karanta mini, akwai wurin da na ce ka maimaita, ka maimaita, na ce ka sake. Maganar kafintan jirgi ce. Ka ce kowane irin jirgin nan yana tafiya da kafintansa, kuma aikinsa na farko kullum shi ne ya zura sandar ƙarfe ta wani rami har gindin jirgi, ya zaro, ya ga iya inda ta jiƙe, ya je ya gaya wa shugaban jirgi. Domin babu jirgin katakon da ba ya yoyo. Kowa ya sani, ba abin kunya ba ne, shi ya sa akwai famfon da ake kwarfe ruwan da shi. Tsakanin katako da katako kuma tsohuwar igiya ake warwarewa a dandaƙa a ciki da guduma, a bi da kwalta mai zafi, in ta saki a sake. Abin da ke kashe mutane shi ne a ce ruwan kamu ɗaya ne alhali biyu ne. Ka kuma ce akwai masu duba jirgi kafin a ba shi kaya, suna yawo da 'yar guduma da basilla. Ba sa kallon fenti. Su ƙwanƙwasa su saurara, su soka basilla, in ta shige kamar an soka ta a kabewa sai su ce a ɓalle.

Ka tambaye ni me ya sa nake son wurin nan, na ce maka ai sana'armu ce. Ba gaskiya na gaya maka ba.

Ka san kawunka Haruna na Korgom, ƙanen mahaifiyarka, ka san ɗingishinsa. Ka tashi kana jin cewa shanu ne suka firgita a gangare, amalanke ta kife masa a ƙafa. Kana goye a lokacin. Amalanken nan ni na yi ta.

Ka san tsakanina da shi wasa ne, na mijin ya da ƙanen mata. A shekarar nan ya sayi bijimai biyu, ya kawo mini ƙafafun mota da ƙarfen gindi ya ce in haɗa masa kafin kaka. Duk ranar kasuwa sai ya leƙo shago ya ce, "Kafinta, ko sai jikokina za su hau ta?" Mutane su yi dariya, ni ma in yi, amma abin yana cina. Na yi masa alkawarin Juma'a. Ranar Laraba na ɗauko doguwar sandar nan da ke tashi daga gindin amalanke ta je ga karkiyar shanu, wadda duk nauyin ja a kanta yake, sai na ga tsaga a jikinta, kusa da inda ake ɗaure ta, ta kai tsawon tafin hannu. Wata sandar babu, sai an jira motar katako mako mai zuwa. Abin da zan ce kawai shi ne, "Haruna, ƙara mini kwana bakwai." Na ji a raina irin dariyar da zai yi mini a gaban mutane, sai na kasa.

Na kwaɓa garin zarto da gam, na cusa a tsagar da bakin wuƙa, na bari ya bushe, na goge, na shafa shuɗin fenti hawa biyu. Ni kaina da na dawo da safe sai da na nemi wurin. Ranar Juma'a ya zo ya zagaya ta, ya shafa sandar da hannunsa ya ce, "Ashe dai yayata ba ta yi asarar aure ba."

Kwana goma sha ɗaya ta yi. Ya lodo damman hatsi daga gona da hantsi, suna sauka gangare, nauyi ya taho gaba, sandar ta karye. Amalanke ta nitsa, shanu suka watse, kaya da ƙarfe suka danne masa ƙafar dama. Mai ɗori ya yi iya yinsa, ƙafar ta warke a gajarce. Mutumin da yake noma gonarsa ya taya maƙwabta, tun daga nan ya koma zaman tufka igiya a ƙofar gida.

Da muka je dubiya na ce a ba ni karyayyiyar sandar in ga ko za ta gyaru. Mutane suka ce Allah Ya yi mini albarka. Na kawo ta shago na rufe ƙofa na duba, ga garin zartona nan a tsakiyar karayar, rawaya, ko launi bai sake ba. Na yayyanka ta gutsu-gutsu na sa a wuta. Duk wanda ya ce shanu ne, sai in ce ƙaddara ce. Shekara ashirin da uku ke nan.

Za ka zaci daga ranar na daina. Na daina na 'yan shekaru. Daga nan na ce a kan tebur ai ba komai, tebur ba ya kashe kowa. Sai ƙofa, sai ƙafar gado. Da ka fara tsayawa a shago, da hannuna na nuna maka yadda ake kwaɓin, kada ya yi ruwa kada ya yi tauri, da yadda ake bin layin itace da wuƙa don kada ido ya gane. Ban taɓa ce maka ga inda ake yi ga inda ba a yi ba, domin in na faɗa sai ka tambaye ni yadda na sani.

Watan jiya, bayan takardunka sun zo, kana haɗa amalanken manomin nan na Baudeta. Ina zaune ina fiƙe zarto, na ga ka juya sandar, ka tsaya, ka waiga, ka jawo gwangwanin gam. Na ga komai. Kuma ka ji abin da ya fara zuwa mini a rai, don ka san irin uban da kake da shi: na ce yaron nan ya fi ni iya gogewa. Sai da mai ita ya ɗaura shanu ya tafi, na ga shuɗin fentin yana ƙyalli a rana, sannan na gane abin da na yi. Ban ci tuwon ranar ba. Ina ta tuna mutumin nan mai basilla, ina tuna ɗaliban da za su hau jirgin, ina ganin hannunka a kan katakonsa.

Bayan kwana biyu na ce muku za ni gaisuwar rasuwa. Korgom na tafi a kan moto, wato babur. Na tarar da kawunka a inuwar zaure, ya miƙe ƙafar, ya maƙale igiya a babban yatsa yana tufka.

Ya ce, "Kafinta! Mi ya kawo ka ba ranar kasuwa ba? Ko yayata ta gaji ta kore ka?"

Na ce, "Haruna, magana na zo da ita."

"To zamna. In tuwo ne ka makara."

Na zauna a ƙasa, ban hau tabarmar ba. Na faɗa masa kamar yadda na rubuta maka, ban rage ba. Hannunsa bai daina tufka ba har na gama. Can ya ce, "Ke nan shanun ba su hirgita ba."

Na ce, "Ba su firgita ba. Sai da sandar ta karye suka watse."

Ya ce, "Jan bijimin nan, ka tuna shi? Tun shina ɗan maraƙi ni ka ba shi dussa da hannu. Na ce shi ya cuce ni. Ina kwance na sa anka kai ma mahauta shi, na ce ko ƙahonshi kar in sake gani."

Wallahi Salisu, ban san da wannan ba. Na zo da shirin jin maganar ƙafa, sai ga maganar bijimi, kuma ita ta fi karya ni. Hawaye suka zubo mini a gaban ƙanen matata.

Ya ce, "Yayata ta sani?"

Na ce ba ta sani ba.

"To kai za ka hwaɗa mata, ba ni ba." Ya ɗago ya dube ni. "Yaron da za shi gyaran jirgi, ka koya mishi?"

Na ce, "Na koya masa. Shekaranjiya ma na ga ya yi wa wani mutumin Baudeta."

Sai a nan ya ajiye igiyar. Ya ce, "Kuma kana nan zamne gabana? Ni tawa ta wuce, ƙahwa ba ta komowa. Tashi ka tahi ga wanda bai karye ba tukuna."

Na ce, "Ka yafe mini."

Ya ce, "Ba yau ba. Ka bar ni in juya ta tukuna. Sauka lahiya, Malam Abdu."

Tun da na auri yayarsa bai taɓa kira na da sunana ba sai ranar. Kasuwa uku ke nan bai leƙo shago ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Washegari na ɗaura sabuwar sanda a moto na nufi Baudeta. Na samu mutumin a gona, na ce masa akwai aibi a aikin da ya fito daga shagona, na zo in canza. Ya ce shi bai ga komai ba, amalanke lafiya lau. Na zaro basillar da na aro wurin baduku, na soka a wurin a gabansa, ta shige har rabi, garin zarto ya biyo ta. Ya riƙe baki. Ban ce kai ne ba, na ce shagona, kuma gaskiya ce. Mahaifiyarka ma na faɗa mata. Ta yi kwana biyu tana ajiye mini tuwo ta juya ta tafi, a na uku ta ce, "In ba ka iya hwaɗa ma yaron, rubuta."

To ga shawarata, kuma ita ce duka abin da nake da shi. In ka ga tsaga ko ruɓa a katakon jirgin nan, ko kai ka jawo ta da kuskuren gizago, ka ajiye kayan aiki ka kira babbanku ka sa masa yatsa a wurin. Za ka ji kunya, kai baƙo, baƙar fata, ƙarami a cikinsu, kana son su ce ɗan Nijar ya iya. Wataƙila wani ya yi maka dariya. Na san zafin dariya, saboda ita na yi abin da na yi, ga shi kwana bakwai na ƙi roƙa na ɗauki shekara ashirin da uku. In aiki bai gamu ba ka ce bai gamu ba. In ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. Kada ka shafa fenti a kan abin da ba za ka yarda a soka wa basilla kana tsaye ba. Kuma kada ka tsani hannunka saboda wannan, hannu ne mai kyau, abin da aka nuna masa ya yi.

Saura roƙo ɗaya, shi kuma ba zai jira ka isa Faransa ba. Bara da bara waccan, lokacin da ciwon baya ya kwantar da ni, kai kaɗai ka riƙe shago damina biyu. Amalanku sun fita a lokacin, ban san ko nawa ba ne, ban san na su wa ba ne. Nawa na baya da nake tunawa na fara bin su, na je ƙauye huɗu, na canza sanda biyu. Naka kai kaɗai ka san su. Ka zauna a motar nan ka tuna, ɗaya bayan ɗaya, wace sanda ka cusa wa gari, ta wane ne, a wane gari yake. Ko kana shakka ka sa shi a ciki. Ba zan yi maka faɗa ba, ba ni da bakin yi. Zan sayi sanduna in bi su da kaina.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya sa ka gama da su lafiya. Allah Ya tsare ka daga ruwa da sanyi da sharrin kaɗaici, Ya riƙe maka sallarka, Ya tsare duk wanda zai taka katakon da ka taɓa. Allah Ya yi maka albarka, Ya dawo mana da kai muna raye. Mahaifiyarka tana sa maka albarka, ƙannenka suna gaishe ka. Ni na yafe maka duk abin da ke tsakaninmu, kai ma ka yafe mini abin da na koya maka.

Hatsi ya fara sunkuyar da kai a gonakin Korgom, na gani da idona. Nan da mako uku za a fara loda amalanku. Ka kira ni daga Yamai da sunayen, kafin ka hau jirgin sama.

Wassalam.

Mahaifinka,
Abdu Kafinta, Tasawa